Hatsin Gidan Tururuwa

Bana ruwa ya yi mana wasa da hankali. An yi shuka da ruwan farko, gero ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke ɗif. Da la'asar nakan ja sandata in fita bayan gida in tsaya, ganyen duk ya nannaɗe kamar tsohuwar tabarma. Jikokina kuwa babu abin da ya dame su sai wai famfon burtsatse ba ya zuwa da ƙarfi. Na ce Allah Ya bar ku da irin wannan kukan. Daga baya ruwan ya dawo, alhamdu lillahi. Amma ni ganyen nan ya riga ya mai da ni shekarar da bai dawo ba, shekarar da saura ƙiris a cire mini yaro daga makaranta.

Ƙauyenmu nan gefen Tsanyawa gona a jikin gona take, babu wani daji da mutum zai faɗa ya samo abin kai wa baki. In gona ta ƙi, shi ke nan ta ƙi. Waccan shekarar mun yi binne, rana ta soye irin a cikin ƙasa. Aka sake shuka da wani ɗan yayyafi, ya tsiro ya bushe. Aka aro iri aka sake. Na ƙarshen ya kai gwiwa ya tsaya nan, ya yi fari fat bai fid da kai ba. Sai hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, mu jera kwanoni ƙarƙashin indararo, iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da ƙanshin ruwan da aka yi wa wasu. Wannan ƙanshin, wallahi, ya fi yunwar kanta ciwo.

Lokacin da ya kamata a ce kaka ta yi, rumbunmu kaji ne ke kwana a ciki. Maigidana ya bi ayarin maza zuwa Kurmi cin rani tun ranin bai shigo ba. Ya bar ni da yara uku, babban da ƙanwarsa Ladi da na goye, ya bar amanar gidan a hannun ƙanensa Sule, wanda yara ke ce wa Baffa. Girki ya koma sau ɗaya, da yamma. Da safe in an samu dusa a dama ta tsararo, kowa ya kurɓa ya lashe baki. Tafasa, rama, zogale, mun ci har zogalen gidan ya koma sanda tsirara. Da asuba Ladi ta kai tulu layin rijiya, ta dawo hantsi da ruwa ja kamar an wanke tukunyar ƙasa.

Ni kuma na koma aikatau. Akwai wata Hajiya mai fura a cikin Tsanyawa, ranar da take da daka da yawa sai ta aiko, in je in yi surfe da daka har kafaɗuna su mutu, ta sallame ni da dusa da tsaki. Ba kullum ba ne, mu masu nema muna da yawa. Ban da wannan, na sayar da akuyata da kwanonin jerena ranar kasuwa, na auno dawa, na zuba a tukunya na tura can ƙuryar ƙarƙashin gado, na rufe da tsumma. Ranar da babu aikatau ita nake ɗiba kaɗan-kaɗan. Ko Ladi ba ta sani ba. A shekarar da kowa ke leƙen murhun maƙwabcinsa, wa zai tsaya yana shelar abin da ya ɓoye?

To, babban nan ɗan fari ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba, kada ma ku jira. Haka aka rene mu. Ɗan fari ba ki kiran sunansa, ba ki zama hira da shi, ba ki yaba shi a gaban mutane. Yanzu ina ganin surukaina suna rungume nasu suna kiran su da sunaye iri-iri, ni dai kallo nake. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa Iya, uwar maigidana. Ita ke tashinsa, ita ke ɓoye masa ɗumame, ita ke tsokanarsa da "maigidana rago, ina cefane?" Ita kuma ta tsaya kai da fata aka sa shi sakandaren je-ka-ka-dawo. Gab da faɗuwar damina Allah Ya yi wa Iya rasuwa. Sai gidan ya zama babu mai yi masa magana. In ina da saƙo sai in ce, "Ladi, gaya wa yayanki a ɗaure tunkiyar nan," alhali ga shi zaune a gabana.

Sai ya fara fashi. Zai sa farar rigarsa da safe ya fita, amma ba makaranta yake isa ba. Wanda yake cikin na gaba-gaba a aji ya gangaro har ƙasa. A makaranta aka zane shi. Baffa ya ji, shi ma ya kama shi a zaure ya zane shi da igiyar guga, ina ciki ina jin saukar kowace ɗaya a jikina, ba halin in fito in ce a bari. Aka yi ta tambayarsa, don me ba ka zuwa, gidan uban wa kake tafiya? Sai dai ya sunkuyar da kai. Ƙarshe shugaban makaranta ya aiko da baki cewa in aka kai jarrabawar ƙarshen shekara a haka, za a soke sunansa.

Baffa ya ce, "Su soke mana! Ga masu lambu can a Watari suna neman yaran ban-ruwa. Ya je ya ci da kansa, a rage baki ɗaya."

Ina daga ciki ina jinsa. Na san yaran da suka tafi ban-ruwa, babu wanda ya sake riƙe alƙalami. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma karatun yaron nan ina sonsa har cikin raina, wanda zan gaya wa ne babu.

Ana nan wata ranar Asabar, rana ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, sai na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Wani malami ne siriri, matashi, wandonsa ɗaure da roba don kada sarƙa ta ci. Ya ce sunansa Malam Isiyaku, shi ne malamin shawara na makarantar. Aka kira Baffa, aka shimfiɗa tabarma a zaure, yaron ya rakuɓe a gefe, ni kuma na zauna bayan zana inda zan ji komai. Baffa ya buɗe baki ya dinga zuba, taurin kai, raini, lalaci, bai bar komai ba. Malam ya bar shi har ya gaji.

Sannan ya ce, "Baffa, na ji labarin ranakun da bai je ba. Yanzu ina son labarin ranakun da ya je."

Baffa ya ce, "Wanne kuma?"

"Ai yana zuwa. Ba kullum ba, amma babu makon da ba na ganinsa. Yaron da ya tsani makaranta ba ya tako wannan tafiyar da yunwa. Me ke faruwa a ranakun nan?"

Babu wanda ya taɓa tunanin wannan a cikinmu. Malam ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa, ya ce wa yaron wannan bakin shi ne an daina zuwa gaba ɗaya, wancan bakin kuma zuwa kullum, ya nuna inda yake ganin kansa. Yaron ya sa yatsa can kusa da ƙasa. Baffa ya ja tsaki. Malam kuwa ya ce, "Madalla. To, me ya riƙe ka a nan, ya hana ka faɗawa ƙarshen?" Yaron ya ɗago ya dube shi.

Sai Malam ya juyo wajen zana. "Inna, roƙo ɗaya nake yi. Makon nan kada a dake shi, kada a yi masa faɗa, kada a canja komai. Ki dai sa ido. Safiyar da ya je, ki duba me ya bambanta ta da sauran."

Da ya tafi na ce a raina, tabɗi, wannan wane irin malami ne? Ya tako rana tun daga Tsanyawa don ya ce a zuba ido? Baffa ma cewa ya yi boko ya taɓa masa kai. Amma na sa idon, don ba ni da wani abin yi. Ɗan maƙwabtanmu da suke aji ɗaya shi ke gaya wa Ladi ko ya je ko bai je ba.

Da Asabar ta zagayo Malam ya dawo, aka sake zama kamar wancan. Na ce, "Malam, na gani. Duk ranar da na fita aikatau, yana zuwa. Tsoro ne kawai, don hanyarmu ɗaya, yana gaba ina baya."

Baffa ya buga cinya. "Na faɗa! Tsoro ne maganinsa."

Malam ya dubi yaron ya ce, "Haka ne?" Yaron ya yi shiru. Shi kuma malamin nan shiru ba ya damunsa, ya zauna yana jira kamar mai jiran tulu ya cika. Can sai na ji muryar yaron ƙasa-ƙasa.

"Ba tsoro ba ne, Malam. In na ga ta ɗauki mayafi da ƙwarya, na san yau za a ɗora tukunya. Sai in tafi hankalina a kwance."

"In ba ta ɗauka ba fa?"

"Sai in bi su Audu tonon gidan tururuwa."

A shekarar nan yaran unguwarmu, su Audu, sun gano tururuwa tana da rumbu a ƙarƙashin ƙasa, inda take tara ƙwayar gero da 'ya'yan ciyawa, sai su bi layinta har gida su tona. Malam ya tambaye shi ina yake kai abin da ya samo. Ya ce Ladi yake ba wa, ta shigar ta ce in ji Baffa.

Wayyo Allah! Ashe ɗan ƙullin hatsin nan mai ƙasa-ƙasa da Ladi ke kawo mini ke nan. Ni da na ga ƙasa a ciki na ɗauka sharar rumbu Baffa ke aiko mana. Har godiya na sha yi masa, shi kuma bawan Allah ya ce, "Ba komai, ai yi wa kai ne," bai ma san godiyar mece ce ba. Ranar dai Baffa tari ya kama shi, ya dinga kallon azarar zaure kamar yau ya fara ganinta. Ni dariya ba ta zo mini ba. Yaro yana can durƙushe a rana yana tonon ƙasa da farar riga, ni ina gida zaune a kan dawa. Hawaye ya zubo mini, na gode Allah da zana ta rufe ni.

Na jira malamin nan ya ce laifin wane ne. Bai ce ba. Cewa ya yi, "Ashe yaron da muke da shi mai zuwa makaranta ne duk ranar da ya san ƙannensa za su ci. To, Inna, me zai sa ya riƙa sani?"

Na ce Ladi ta riƙa gaya masa. Yaron ya ce, yana kallon ƙasa, "Ladi tana faɗin duk abin da aka sa ta." Gaskiyarsa, ai shi ya koya mata.

Malam ya ce, "Inna, na san kunyar ɗan fari, ni ma tawa uwar ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba suna nake roƙo ba, ba hira ba. Da safe kawai ya ji daga bakinki, akwai ko babu. Amma fa gaskiya. Ranar da ya kama ƙarya sau ɗaya, mun koma inda muka fito." Ya ce ranar da babu, yaron ya zo ya yi darasin safe, shi zai roƙi shugaban makaranta a riƙa sallamarsa in an fita tara, ya je nemansa. Baffa ya fara maganar Watari, Malam ya ce a ba su zuwa jarrabawa, in bai ci ba sai a sake zama.

Ranar Litinin da safe, wallahi surfen Hajiya ya fi mini sauƙi a kan wannan 'yar maganar. Yaron ya fito daga ɗakin Iya yana ɓalla maɓalli. Na juya masa baya, na fuskanci bango kamar da shi nake magana, na ce, "Yau akwai abin ɗorawa. A tafi makaranta." Na ji ya tsaya cak. Sannan na ji ƙafarsa ta nufi zaure da sauri. Ladi ta ƙyalƙyale da dariya, na kai mata dundu.

Haka muka ci gaba. Yawancin safiya akwai ce, albarkacin aikatau da tukunyar ƙarƙashin gado. Ranar da na ga sai an tsallake, in ce babu, ya je ya yi na safe ya wuce wajen su Audu, ya shigo da ƙullinsa da hannunsa, ba in ji kowa ba. Malam bai ɗora masa karatun duka lokaci guda ba. Ya lura lissafi bai guje masa ba, sai ya ce su fara da shi, ya haɗa shi da ɗan maƙwabtan nan suna cike abin da ya wuce shi a gindin bishiya. Da ya ga ya tsaya da ƙafarsa a nan, aka ƙara wani. Da la'asar sai in ji shi a ɗakin Iya yana karatu da ƙarfi. Ba na gane ko kalma, amma nakan rage ƙarar taɓarya don in ji.

Sai dawar ta ƙare. Na kife tukunyar na buga gindinta, ƙwayoyin da suka faɗo ko kaza ba za su ƙosar ba. Hajiya kuma ta tafi biki Ɗambatta. Kuma don Allah ku ji, ranar da za a fara jarrabawa ke nan, ranar da babu sallamar kowa sai bayan azahar.

Yaron ya fito da fensirinsa a hannu ya tsaya a bayana yana jira. Kalmar akwai tana kan harshena. Wa zai kama ni kafin yamma? Amma na hango shi ya dawo ya tarar da murhu a sanyaye, gobe in ce akwai ya dube ni. Na haɗiye ta.

Na ce, "Yau babu."

Na goye ya fasa kuka.

Na ce, "Amma a tafi. Na yau a bar mini."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya fita a hankali. Na kasa haƙuri, na kife turmi na hau na leƙa ta saman danga. Akwai wata tsamiya inda hanya ta rabu, dama Tsanyawa, hagu gonakin da su Audu ke tono. Ya isa nan ya tsaya. Sai na ga farar rigar ta yi dama.

Na sauko, na ba Ladi goyo, na ɗauki fartanya da ƙwarya. Su Audu da suka gan ni suka miƙe tsaye. "Inna, ke ma?" Na ce, "Matsa mini, ɗan nema, nuna mini layin." Suka nuna mini wani gida a gindin kargo. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, ina sara fartanya na dawo mini. Rana ta hau, gumi na shiga mini ido, bakina ya bushe har yawu ya ƙare. Da na fasa saman sai ga tururuwa sun ɓarko, suka hau ƙafafuna, suka shige zane, suna cizo ina kakkaɓewa ina sara. Sai da na zura hannu har gwiwar hannu sannan na ji rumbun, da ɗumi, da wani tsami-tsamin wari. Na dinga kwasowa, gero, 'ya'yan ciyawa, ƙaiƙayi, ƙasa. Na tona wani na ƙara. Jiri ya ɗebe ni na zauna, na tashi na ci gaba. Wannan aikin yaron nan yake yi a ɓoye, ana biyansa da igiyar guga.

Na dawo na bakace, na rege da ɗan ruwan da ya rage, na niƙa, na zuba tafasa na yi fate. Ƙasa-ƙasa yake yi a haƙori, amma fate ne. Ina cikin juyawa ya shigo. Ya dubi hayaƙin, ya dubi fartanyar da ke jingine, ya dubi ƙafafuna da suka kumbura suntum. Bai nemi Ladi ba. Ni ya yi wa magana.

"Inna, na amsa duka. Lissafin ma na gama tun ba a ce a ajiye ba."

Na ce wa tukunya, "A wanke hannu."

Hajiya ta dawo washegari ta aiko, sauran kwanakin jarrabawar duk akwai ce. Bayan an yi hutu da 'yan kwanaki, wata safiya na ji ƙararrawar keke tun daga tsamiya, ana ta kaɗa ta ba tsayawa. Malam Isiyaku bai ko jira shimfiɗa ba, daga bakin zaure ya ɗaga murya.

"Inna! Sunansa na nan! Ya wuce aji na gaba. Ba a sama ba, a tsakiya yake, amma ya wuce da ƙafarsa."

Baffa ya iso yana gyara hula ya ce dama ya san dukan nan zai yi amfani. Na bar masa, maganar Watari dai ba a sake ta da ita ba. Malam ya ce, "Inna, aikinki ne." Na ce, "Ni me na yi, Malam? Allah dai Ya saka maka." Maƙwabta suka shigo barka, Ladi na tsalle, yaron yana tsaye a tsakar gida yana murmushi yana kallon ƙasa. Ni kuwa alfahari ya cika ni har wuya, ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da na haife shi. Na ce da matan su zauna ina zuwa. Na shiga ɗaki na tura ƙyaure, na cusa gefen zane a baki, na rangaɗa guɗata a ciki har sai da numfashina ya ƙare, don ba a yi wa ɗan fari guɗa a ji.